Abincin Kaji

'Yan'uwana ɗalibai, bara na sayi kaji ashirin a kasuwar Gwagwalada don in sami ƙwai. Da masara ta yi tsada, sai na riƙa ba su dusa zalla. Kafin wata biyu ƙwai ya ragu, ɓawonsa ya yi laushi, kaji suka shiga figar juna. Ashe laifina ne.

Dusa tana cika ciki, amma ba ta isa ita kaɗai ba. Kaza mai ƙwai takan ci wajen giram 110 a yini. Lalle a haɗa mata dawa ko masara don ƙarfi, tunkuza ko waken suya don gina jiki, garin ƙashi don ɓawon ƙwai, sa'an nan ganyen zogale da ruwa mai tsabta. Da na yi haka, kajina suka farfaɗo.

Amma a yi hattara da abinci mai fumfuna. A Ingila cikin 1960, tunkuzar da ta yi fumfuna ta kashe talotalo wajen 100,000. Saboda haka a shanya abinci sosai, a ajiye bisa katako. Kashin kaji kuwa a kai gonar makaranta, ya zama takin hatsin baɗi.