Kukan Ƙarfe a Kan Inji

Ɗana, miƙo mini guntun ƙarfen nan da ka sassaƙa jiya. Ka ce injinka ne ƙarami, ba shi da ƙwari. To, shafa fuskar da farcenka tukuna. Ka ji layukan nan a jere, tazararsu ɗaya kamar kunyoyin gona? Karkarwa ce ta bar su, kuma na san ka ji kukanta kafin ka ga tabonta. Haƙori ɗaya na kata, wato abin yankan, ya bar ɗan tudu, na bayansa ya zo ya hau tudun ya yi tsalle, shi ma ya bar nasa. Haka abin ke ciyar da kansa.

Kafin ka zargi inji, dubi yadda ka zaro katar. Idan ka ninka tsawon da ya fito daga kolet, lanƙwasarta ba ninki 2 take yi ba, ninki 8 ne. Tura ta ciki, ka bar iya abin da aikin ke bukata. Kada kuma ka riƙe ta da cok ɗin huda, ba a yi shi don ture ta gefe ba. Sannan ka kama aikin a bais ka girgiza, ka ga ko yana motsi. Duk ɓangaren teburin da ba ya tafiya a wannan yanka, kulle shi.

Inda yara suka fi ba ni tausayi shi ne tsoro. Da an ji kuka sai a rage turawa, a bar juyi yana gudu. Sai haƙori ya daina yanka ya koma guga, ya yi zafi, ya dakushe. Ni ma na yi shekaru ina haka, na ƙona katoci da yawa kafin na gane. Rage juyi, ka ɗan ƙara turawa, sau da yawa kukan yakan ɗauke. Katar HSS mai faɗin milimita 10 a kan ƙarfe mai laushi, juyi 800 zuwa 950 a minti ya ishe ta.

Ba kowane muni ba ne karkarwa. In sanholo ya fito kamar an yage shi, duba bakin katar, za ka tarar ya liƙe a jiki. Ɗiga kananzir, ka sa kata mai haƙori 2, ka riƙa share ɓarɓashi da burushi. In kuwa ka ga matakala tsakanin zuwa da zuwa, kan injin ne ya karkace, sai ka daidaita shi da agogon awo.

Abu ɗaya za ka riƙa canzawa, ka yanka, ka saurara, ka rubuta. Ɗauki ƙarfenka. Gobe bayan la'asar ka dawo da shi, tare da katar, ina so in ga bakinta a rana.