Yadda Ake Zaɓen Bindigar Ajiya a Zangon Gona a Gadarif

Manyan gonakin dawa da riɗi na jihar Gadarif, a gabashin Sudan, suna nesa da gari. Tun da noman tarakta ya fara a yankin Gadambaliya cikin shekarun 1940, mai gona kan kafa zango a tsakiyar fili, wanda ake kira kambo: bukkoki, rumfar tarakta, gangunan ruwa da na mai. Da damina ta kankama, baƙar lakar yankin kan riƙe mota, a kwana biyu ba shiga ba fita. A irin wannan wuri ake ajiye bindiga.

Abin da ake fara dubawa shi ne ɓarnar da ake gudu. A yawancin zangunan ba ta wuce kura da dila masu bin awaki da dare ba, sai gadu da birai masu shiga dawa, musamman a gonakin da ke kusa da kogin Rahad. Galibinsu ƙara kawai ke korarsu. Ɓarayi masu makamai, irin waɗanda manoman Fashaga a kan iyakar Habasha suka daɗe suna kuka da su, wannan aikin hukuma ne. Bindiga ɗaya a bukka ba ta tare su, sau da yawa ma ita ce ke jawo su.

Sai takarda. Dokar makamai da harsasai ta Sudan ta 1986 ta hana riƙe bindiga ba lasisi, kuma a wurin 'yan sanda ake nemansa. Lasisin riƙewa daban, izinin farauta daban. Wanda zangonsa ke dab da gandun dajin Dindir, da aka keɓe tun 1935, ba ya shiga da bindiga ko da saniyarsa ce ta ɓata a ciki. Kalash kuwa makamin yaƙi ne, kuma tun ɓarkewar yaƙin Afrilun 2023 wanda aka tare da shi a shingen bincike ya shiga uku.

Wajen zaɓen iri, shimfiɗar ƙasar ce alƙali. Gadarif fili ne fetal, babu tudun da zai tare harsashin da ya kuskure, ga leburori cikin dawar da ta fi mutum tsayi, ba a ganinsu. Harsashin tsohuwar bindigar sojan Ingila mai cin goma, wadda Sudanawa ke kira Abu Ashara, yana iya kaiwa kusan kilomita 3. Ko ƙaramar .22, da ake rainawa, tana kai harsashi fiye da kilomita 1. Shi ya sa masu hankali ke karkata ga bindigar hartush mai lamba 12, baki ɗaya ko baki biyu: ƙwayoyinta na watsuwa, aikinta bai fi mita 40 ba, ƙararta kuma ta isa ta tashi garken birai. Ba ta da tarkacen ƙarafa da ƙura za ta cushe. Kafin a biya kuɗi ana tambaya ko harsashinta na samuwa a wurin dillali mai izini, domin bindigar da ba harsashi sanda ce mai nauyi.

Idan ta hannu ce, ana karya ta, a tabbatar babu komai ciki, a ɗaga bututun wajen haske. Cikinsa ya kasance sumul. Ramukan tsatsa ko kumburi a jikin ƙarfe sun isa a fasa ciniki. A rufe, a girgiza: in ta yi kwaram-kwaram a mahaɗa, ta gaji. A duba tsagewa a katako bayan kunama, a gwada makullin kariya, a kuma tabbatar lambar da ke jikin ƙarfe ta yi daidai da ta takarda. Lambar da aka kankare alamar kayan sata ce. Daga nan wanda zai riƙe ta ya ɗora a kafaɗa, ya ga ko yatsansa na kai wa kunama ba tare da miƙa wuya ba.

A zango mutum ɗaya ake damƙa wa ita, yawanci wakilin gona. Ana ajiye ta babu harsashi, cikin akwatin ƙarfe mai kwaɗo da aka ɗora kan duwatsu saboda laima da gara. Harsasai na zama a wani akwatin, nesa da murhu da gangunan mai, nesa da yara. Da damina ana shafa mata mai kaɗan a kai a kai. Da rani a rage, don mai na kama ƙura. In laka ta shiga bututu ba a harbawa sai an share, domin toshewar na iya fasa ƙarfen a hannun mai harbi.