Kyamara da Baƙon Tabarau: Dalilan da Ke Hana Su Jituwa

Babbar kyamara, irin wadda masu sana'ar hoto ke ratayawa a wuya, kaya biyu ne aka haɗa. Akwai gangar jikinta, inda fim ko farantin lantarki mai kama haske yake, akwai kuma bututun gilasai da ake murɗawa a bakinta, wanda za a riƙa kira tabarau a wannan maƙala. Kamfanonin da ke ƙera kyamara, irin su Canon da Nikon da Sony na ƙasar Japan, suna ƙera nasu tabarau, sai dai da ɗan karen tsada. Wannan ya ba wasu kamfanoni damar shiga kasuwa da tabarau masu rangwame waɗanda ke hawa bakin kyamarar wasu. Fitattu daga cikinsu su ne Tamron da Tokina, waɗanda aka kafa a 1950, da Sigma wanda aka kafa a 1961, dukansu a Japan. Kayansu da aka fi rububi shi ne tabarau mai zum, wato wanda ake murɗa zobensa ya zuƙo abin da ke nesa ba tare da mai hoto ya ɗaga ƙafa ba.

Sau da yawa irin wannan baƙon tabarau yakan hau bakin kyamara daram, amma da an zo aiki sai rigima ta tashi: ya yi ta kai da komo ya kasa tsayawa a kan abin da ake son ɗauka, ko ya tsaya amma hoto ya fito dishi-dishi, ko kuma kyamarar ta ƙi aiki ɗungurungum. Jama'a kan ɗora laifin a kan ingancin gilashi. Galibi ba nan gizo ke saƙa ba.

Yadda kyamara ke saita kanta

A cikin idon ɗan Adam akwai wani gilashin halitta mai taushi, wanda wata siririyar tsoka ta kewaye. Idan mutum ya dubi abu na kusa, tsokar takan tsuke, gilashin ya ƙara kumbura. Idan ya dubi nesa sai ta saki, gilashin ya baje. Gilashin kyamara ba ya tanƙwaruwa, saboda haka sai aka bi hanyar da idon kifi ke bi, domin kifi matsar da gilashin idonsa yake yi gaba ko baya. A cikin tabarau akwai rukunin gilasai da wani ɗan ƙaramin inji ke turawa gaba ko baya, har sai hoto ya fito tar a kan farantin kama haske.

Abin tambaya shi ne, yaya kyamara ke sanin inda za ta tura gilasan, da kuma iyakar turawar? Mai karatu ya miƙa yatsa a gabansa, ya rufe idon dama, sa'an nan ya buɗe shi ya rufe na hagu. Zai ga yatsan yana tsalle daga wuri zuwa wuri, kuma tsallen yana raguwa idan aka nisanta yatsan. Da irin wannan dabara kyamara mai madubi ke auna nisa. Madubin da ke cikinta yakan bar wani kaso na haske ya ratsa shi, wani ɗan madubi a bayansa ya karkata hasken zuwa ma'auni da ke ƙasan kyamarar. Ma'aunin yana kwatanta hoto biyu, ɗaya daga hasken da ya shigo ta wannan gefe na tabarau, ɗaya ta wancan gefe. Tazarar da ke tsakaninsu ita ke nuna ko saiti ya wuce ko bai kai ba, da kuma yawan kuskuren. Kyamarar Minolta 7000, wadda ta fito a 1985, ita ce ta yaɗa wannan tsari a duniya.

Sanin kuskure daban, gyara shi daban. Dole tabarau ya faɗa wa kyamara ko shi wane ne, da inda zoben zum ya tsaya, da girman ƙofar haskensa, da kuma yawan juyin da injinsa zai yi kafin saiti ya matsa gwargwadon abin da ake bukata. A tabarau mai zum wannan lissafi yana sauyawa a kowane matsayi na zoben, domin rukunin gilasai biyu ko uku ne ke tafiya a lokaci guda. Shi ya sa matsalar ta fi addabar mai zum a kan tabarau mai tsayi ɗaya.

Harshen da ba a koya wa baƙo ba

A 1987 kamfanin Canon ya yi watsi da tsohon bakin kyamararsa mai suna FD, ya fito da sabo mai suna EF. A sabon tsarin babu wani sandan ƙarfe da ke motsa wani abu tsakanin kyamara da tabarau. Injin saiti ya koma cikin tabarau, duk wani umarni kuma ta 'yan ƙarafa masu ruwan zinariya da ke jere a baki yake bi, kamar yadda saƙo ke bin jijiya daga ƙwaƙwalwa zuwa tsoka. Sai dai Canon bai wallafa ƙa'idojin wannan zance ba. Injiniyoyin kamfanoni irin su Sigma sai suka sayi kyamara da tabarau na Canon, suka kasa kunne da na'urori suna sauraren abin da ke gudana tsakaninsu, suka kwaikwaya. Halinsu ya zama irin na baƙon da ya tsinci harshe a kasuwa: yana iya ciniki sarai, amma ranar da aka yi masa karin maganar da bai taɓa ji ba sai ya yi turus.

Haka kuwa ta faru. A farkon shekarun 2000, lokacin da kyamarorin Canon masu farantin lantarki irin su EOS 10D ta 2003 suka shiga kasuwa, tsofaffin tabarau na Sigma da yawa sun kasa tsuke ƙofar haske bisa umarnin sababbin kyamarorin. Da an danna sai kyamara ta tsaya cik, ta rubuta Err 99. Tsofaffin tabarau na Canon kuwa sun ci gaba da aiki, domin su 'yan gida ne, an gina su a kan cikakkiyar ƙa'idar tun farko. Sigma ya riƙa sauya wa masu kaya 'yar ƙwaƙwalwar lantarki da ke cikin tabarau, har zuwa lokacin da kayan gyaran suka ƙare. Har yau irin waɗannan tabarau suna yawo a kasuwannin kayan gwanjo, gilashinsu garau, amma ba sa aiki sai da ƙofar haske a wangale.

Masu Nikon ma ba su tsira ba. Tun daga 1986 Nikon ya sa injin saiti a cikin gangar jikin kyamara, yana juya tabarau ta wani ɗan ƙarfe mai kama da bakin sukundireba. A 2006 ya fito da D40 wadda aka cire wa wannan inji, sai duk tabarau da ba shi da injin kansa, na gida ne ko baƙo, ya koma saiti da hannu. A 2013 kuma, da D5300 ta fito, Sigma ya sanar cewa wasu tabarau nasa ba sa aiki daidai da ita sai an sabunta manhajar cikinsu.

'Yar ƙaryar da baƙo ke yi

Ana auna ƙofar haske da lamba mai harafin f, wadda ake samu idan aka raba tsayin zuƙon tabarau da faɗin ƙofar. Tabarau mai milimita 500 yana bukatar ƙofa mai faɗin kusan milimita 89 kafin ya kai f/5.6, amma milimita 79 ta ishe shi a f/6.3. Wannan bambanci na milimita 10 ba ƙaramin sauƙi ba ne wajen nauyi da kuɗin gilashi, shi ya sa dogayen tabarau masu zum na Sigma da Tamron da yawa suke ƙarewa a f/6.3. To amma ma'aunin yawancin kyamarori masu madubi an tsara shi ne a kan f/5.6, kuma akwai waɗanda ke kashe saitin kai tsaye da zarar lamba ta haura haka. Sai tabarau ya gaya wa kyamara cewa shi f/5.6 ne. Da rana tsaka ƙaryar takan wuce salin alin. Da magariba, ko a inuwar kurmi, hasken da ke isa ma'auni ba ya wadatarwa, sai a ji injin yana ta safa da marwa.

Akwai kuma aron suna. Kowane tabarau yana da lambar shaida da yake ba kyamara, baƙo kuwa sau da yawa lambar wani tabarau na gida yake arowa. Idan kyamara ta yi ƙoƙarin gyara duhun kusurwoyin hoto bisa bayanin mai lambar na asali, sai gyaran ya zama ɓarna, wani lokaci har a ga zobba a cikin hoto. Maganin wannan shi ne a kashe gyaran daga jerin umarnin kyamara.

Saiti a gaba ko a baya

Ko da an fahimci juna, akwai sauran rina a kaba. A kyamara mai madubi, ma'auni yana wuri ɗaya, farantin hoto yana wani wuri. In tazarar da haske ke bi zuwa wurare biyun ta bambanta ko da da kaurin gashi ne, ko kuma jadawalin lissafin tabarau ya ɗan kauce, sai saiti ya faɗa gaba ko bayan abin da aka nufa. Tabarau mai milimita 300 a f/5.6, a kan faranti mai girman fim na milimita 35, abin da yake fitarwa tar a nisan mita 10 bai wuce zurfin santimita 37 ba. A mita 5 kuwa kimanin santimita 9 ne kawai. Ɗalibin da ke son hoton tsuntsu domin tantance jinsinsa, in saiti ya kauce da taƙi ɗaya, reshe ne zai fito fes, zanen fukafukin da ake nema ya narke.

Daga 2007 Canon da Nikon suka fara sa wa manyan kyamarorinsu wurin gyara wannan kuskure, daga ragi 20 zuwa ƙari 20. Lamba ɗaya ba ta isar mai zum, domin yana iya faɗawa gaba a gajeren zuƙo, ya faɗa baya a dogo. A 2013 Sigma ya fito da wata 'yar na'ura da ake haɗa tabarau da kwamfuta da ita, a gyara saiti a matsayin zum 4 da nisa 4, wato gurbi 16, a kuma sabunta manhaja a gida. Tamron ya fito da tasa a 2016.

Kyamarori marasa madubi sun kusa kashe wannan matsala, domin farantin hoto da kansa ne ke auna saiti, yana kuma sake dubawa bayan gilasai sun motsa, kamar yadda ido ke yi. Batun harshe ne bai mutu ba. Sony ya buɗe ƙa'idojin bakinsa mai suna E ga sauran kamfanoni a 2011, Leica da Panasonic da Sigma suka haɗu a kan baki ɗaya mai suna L a 2018. Canon kuwa ya tsare bakin RF da ya fito da shi a 2018, sai a 2024 Sigma da Tamron suka sanar da tabarau na RF bisa izini, aka kuma fara da na kyamarori masu ƙaramin faranti.

Gwajin da za a iya yi a aji

Malami ya kafa kyamara a kan ƙafafunta, ya tsayar da kwalin ashana a nisan mita 3, ya jingina rula a gefensa a karkace, yadda alamar santimita 15 za ta yi daidai da fuskar kwalin. A wangale ƙofar haske, a zaɓi ɗigon saiti na tsakiya, a saita a kan kwalin ta hanyar leƙawa ta tagar kyamara. A ɗauki hoto biyar, ana ɓata saitin da hannu kafin kowanne, sa'an nan a maimaita a ɗaya ƙarshen zum. Idan lambobin da suka fito tar a kan rula kullum gefe ɗaya suke faɗawa, kuskuren awo ne, kuma yana gyaruwa. Idan wannan hoton ya faɗa gaba, wancan ya faɗa baya, sai a fara goge 'yan ƙarafan baki da busasshen ƙyalle mai tsabta, domin ƙura da maiƙon hannu kan katse saƙo. In an goge bai daina ba, to injin ne ya gaji, ko kuma manhajar tabarau ce ta tsufa a kan kyamarar.