Matakan Zama Almajiri a Hannun Babba Cikin Bangaskiya

Yawancin ikilisiyoyin Hausawa da ke ƙauyukan Malumfashi, Ƙafur da Funtua sun tsaya ne da gumin masu bishara na ECWA da katikis na Katolika, manoma kamar kowa, waɗanda suka koya wa jama'a karatun Littafi Mai Tsarki da Hausa, wanda aka fara buga shi cikakke a 1932. A wannan ƙasa aka haifi Gerald Mamman Musa, bishop na farko na Katolika a Katsina tun 2023. Amma yau saurayi kan dawo daga makaranta a Zariya, wayarsa cike da wa'azi, ya ga kamar tsohon mai bisharar garinsu ba shi da abin koya masa. Daga nan girmansa cikin bangaskiya ke tsayawa. Ga hanyar gyara.

Mataki na farko: zaɓi mutumin da ka san zamansa. Mai wa'azin rediyo ko na WhatsApp bai san halinka ba, ba zai iya tsawata maka ba. Duba cikin ikilisiyarku. Wa ke biyan 'yan ƙwadago haƙƙinsu a kan lokaci? Wa ke cika mudu in yana sayar da masara? Yaya yake da matarsa, yaya yake da maƙwabtansa Musulmi? Ko bai iya Turanci ba, shi ne malaminka. Namiji ya nemi namiji, mace ta nemi mace. Titus sura 2 ta ɗora wa manyan mata koyar da ƙanana, kuma Zumuntar Mata cike take da irinsu.

Mataki na biyu: je gidansa, kada ka tare shi a ƙofar majami'a cikin jama'a. Ka durƙusa ka gaishe shi, ka ce, "Baba, ina roƙo ka riƙe ni, ka riƙa gaya mini gaskiya." Sannan fasto ko fada ya sani.

Mataki na uku: ku sa lokaci daidai da shekarar manomi. Da damina ba mai zaman hira, sai ka ɗauki fartanya ka bi shi gona, ku yi magana a bakin kunya. Bayan kaka, in amfani ya shiga rumbu, ku zauna sau ɗaya a mako da littafi guda. Markus ya dace da farawa, surori 16 ne kawai. Ka zo da tambaya, ku rufe da addu'a.

Mataki na huɗu shi ne mai wuya, kuma a nan ake gane tawali'u na gaske: karɓar gyara. Ranar da ya ce maka fushinka ya yi yawa, ko kana son a ji muryarka a ƙungiyar mawaƙa fiye da kima, zuciyarka za ta tashi da hujjoji. Haɗiye su. Ka ce, "Na ji, Baba, na gode." Ka kwana da maganar, in da bayani ka kawo shi wani zaman. Tuna da Afolos a Ayyukan Manzanni 18: masani ne daga Iskandariya, gwanin magana, amma Akila da Bilkisu, masu ɗinkin tanti, suka ja shi gefe suka ƙara masa haske, ya kuwa saurara. Gyara kamar ciren dawa ne, ana tuge wasu tsiron domin sauran su yi kauri. Sai dai tawali'u ba rufe ido ba ne. Auna abin da aka koya maka da Nassi, yadda mutanen Biriya suka yi da koyarwar Bulus kansa. In wanda ka zaɓa ya fara neman kuɗinka, ko yana raba ka da ikilisiya, ko ya ce a ɓoye zamanku, ka janye, ka sanar da dattawa.

Mataki na biyar naku ne, iyayenmu. Asirin da yaro ya faɗa maka kada ya fito a wa'azi. In tambaya ta fi ƙarfinka, ka ce ba ka sani ba, ku kai ta ga fasto ko malaman cibiyar horar da katikis ta Malumfashi. Ubangijin da ya wanke ƙafafun almajiransa bai bar wa malami wurin taƙama ba.

Bayan shekara guda, kai ma ka ɗauki wani, ko da yaro ne mai shirin baftisma, ba tare da ka bar naka malamin ba. Ɗan'uwa, 'yar'uwa, kada ka jira ƙarshen kaka. Wannan Lahadin, in an tashi sujada, ka tambayi dattijon nan yaushe za ka same shi a gida.