Jirgi a Tsakiyar Teku, Murya ce ke Riƙe da Shi

Duk shekara idan aikin Hajji ya matso, maniyyatan yankinmu, daga Ikara har Makarfi da Hunkuyi, sukan tare ni da tambaya guda, tunda sun san aikina kula da zirga-zirgar jiragen sama ne: "Malam, wai idan jirgi ya lula ya shiga teku, wa ke ganinsa?" Su alhazai da sauƙi, Bahar Maliya kawai suke tsallakawa, ba ta da faɗi. Amma mai zuwa Burazil ko Amurka yakan yi sa'o'i a inda babu mai ganinsa daga ƙasa. Jin sa kawai ake yi, shi ma ba kullum ba.

Rada, na'urar da ke nuna mana jirgi a allo, ba ta wuce kusan kilomita 400 daga inda aka kafa ta. Rediyon da muke magana da matuƙa yau da kullum ɗan'uwan FM ne, murya tangaran, amma shi ma iyakarsa ke nan. Da jirgi ya wuce sai a koma gajeren zango, wannan dai da iyayenmu ke kamo BBC da Jamus da shi da asuba, ana murɗa eriya, murya na zuwa tana komawa, wata tasha na faɗowa cikin wata. A cikin wannan ƙugin matuƙi zai faɗi inda yake, ƙarfe nawa ya wuce wurin, tsayinsa ƙafa dubu nawa, da lokacin da yake sa ran isa mahaɗa ta gaba. Abin da aka ji daga bakinsa shi za a rubuta, a kansa kuma za a gina tazarar da ke tsakaninsa da sauran jirage. Idan ya ce dubu 35 aka ji dubu 33, an ajiye shi a takarda inda ba ya nan, an kuma buɗe wa wani hanya zuwa inda yake.

Yanzu jirage da yawa suna musayar saƙon rubutu da mu ta tauraron ɗan'adam, kuma daga 2019 ana bin sawun jirage ta sama a arewacin Atlantika. Sai dai ba kowane jirgi ke da kayan ba, ba kowane yanki ba, kuma ran da na'ura ta ƙi, murya ake komawa. Hamada ma haka take. Sararin samaniyar Najeriya duka sunan Kano yake ɗauke da shi a taswirar matuƙan duniya, kuma da jirgi ya fita daga hannunmu ya nufi arewa ta sararin Yamai ko Injamena, akwai zangon 126.9 da matuƙa ke shelanta wa junansu inda suke, don kada su dogara da mu kaɗai.

Ran 13 ga Satumba 1997 wani jirgin sojan Jamus ya tashi daga Yamai ya nufi Windhoek. Yana bisa teku daura da gaɓar Namibiya, a tsayin ƙafa dubu 35 wanda bai dace da alƙiblarsa ba, bayaninsa kuma bai isa inda ya kamata ya isa ba, sai ya yi karo da jirgin sojan Amurka da ke kan hanyar tsibirin Ascension. Mutum 33 suka mutu. A daren 1 ga Yuni 2009 kuma jirgin Air France mai lamba 447 ya faɗa Atlantika da mutum 228 tsakanin Rio da Faris. Ba rediyo ya kayar da shi ba. Amma mai kula na Burazil ya kira shi ya ji shiru, jirgin bai taɓa magana da Dakar ba, kuma aka kwashe sa'o'i kafin a tashi nema, saboda shiru a gajeren zango abu ne da kowa ya saba da shi. Wannan sabon da shiru shi ne abin da na fi tsoro a aikin nan.

Hatsarin da ya fi taɓa mu shi ne na Jidda. Ran 11 ga Yuli 1991 jirgin DC-8 da Nigeria Airways ya yi haya daga kamfanin Nationair na Kanada ya ɗebo alhazai zuwa Sakkwato. Tayoyin da iska bai ishe su ba suka fashe wajen tashi, wuta ta kama, aka naɗe su cikin jirgi da wutarsu. Da kyaftin ya kira yana cewa yana da matsala, sai ya ambaci sunan kamfaninsa maimakon sunan Najeriya da aka yi wa jirgin rajistar tafiya da shi. A daidai lokacin akwai wani jirgin Saudiyya da shi ma yake hannun mai kula. Mai kula ya ɗauka da na Saudiyya yake magana. Kusan minti 3 ana cikin wannan ruɗani, umarni na tafiya inda ba a nufa ba. Bincike ya nuna ruɗanin ba shi ya jawo mutuwar mutum 261 da ke ciki ba, wutar ta riga ta ci ƙarfinsu, Allah ya jiƙan su. Amma duk wanda ya taɓa zama a kujerar nan ya san tsawon minti 3 idan jirgi na ci da wuta.

Maganin da aka samo wa irin wannan ba wata babbar na'ura ba ce. Maimaitawa ce. Na ba matuƙi umarni, dole ya mayar min da shi lamba-lamba, ya rufe da sunan jirginsa, ni kuma dole in saurara kamar ban san abin da na faɗa ba. A wani dare na jigilar alhazai, jirage biyu na kamfani ɗaya suna hannuna, lambobinsu sun yi kama, harafin ƙarshe ne kawai ya raba su. Na ce wa na gaba ya sauko ƙafa dubu 15. Amsa ta zo daidai, lamba ba kuskure, amma muryar ta na baya ce. Nan take na dakatar da shi, na ce ya tsaya inda yake, na sake kiran na gaba da cikakken sunansa. Fasinjojin suna barci, ba wanda ya san an yi.

Abin da ya sa na rubuto wannan shi ne yaranmu. Kwalejin jiragen sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, tana nan Palladan a bakin ƙofarmu, ƙananan jiragenta kuma yaran Kudan sun taso suna ɗaga kai suna kallonsu. Ina jin daɗi idan na ga ɗan yankinmu ya zo koyon aiki. Suna da kai, suna da haƙuri, lissafi ba ya ba su wuya. Abin da ke kayar da su tarbiyya ce mai kyau da aka kawo wurin da ba nata ba. An koya mana kada yaro ya sa babba ya maimaita magana, kada ya gyara masa, ya sunkuyar da kai ya amsa ko bai gane ba. Na zauna bayan wani ɗalibi, wani kyaftin mai muryar dattijo ya mayar masa da tsayin da ba shi ya bayar ba. Na ga yatsansa a kan maɓallin magana, ya ji kuskuren sarai, amma ya kasa dannawa. Bayan na karɓa na gyara, na tambaye shi, sai ya ce: "Ranka ya daɗe, na ji nauyinsa ne, ya haife ni." Na ce masa dattijon nan iyalinsa na jiransa a gida, gyaran shi ne girmamawar da yake bukata daga gare ka.

Kawaici ma haka. Ran 25 ga Janairu 1990 jirgin Avianca daga Kolombiya ya yi ta zagaye a sama a kan hanyarsa ta zuwa New York fiye da sa'a guda yana jiran a ba shi damar sauka. Matuƙan sun ce mansu na ƙarewa, sun nemi a ba su fifiko, amma ba su furta kalmar neman agajin gaggawa da za ta sa a ture kowa gefe saboda su ba. Injuna suka mutu, mutum 73 suka rasu. A rediyo ba a gane matsala ta hanyar shaguɓe ko sanyin murya. Sai ka faɗe ta da sunanta.

Tun 2008 hukumar jiragen sama ta duniya, ICAO, ta wajabta wa matuƙa da masu kula da ke aikin ƙasa da ƙasa su kai mataki na 4 cikin 6 a Turancin baka. Ba Turancin burga ake nema ba, ba kuma a hana ka harshenka na Bahaushe ya fito ba. Ana son a ji ka sarai, ka ji wani, kuma idan abin da ba a rubuta a littafi ba ya taso ka iya bayyana shi da kalmomi masu sauƙi.

Roƙona ga malaman sakandaren Ikara, Makarfi da Kudan: idan ɗalibi ya ce bai ji ba a sake faɗa, kada a yi masa tsawa, kada a bari aji ya yi masa dariya. A riƙa sa su tashi suna magana da Turanci da babbar murya, ba rubutu kaɗai ba. A karanto musu lambobi su mayar, wani lokaci malam ya yi kuskure da gangan ya ga wa zai ɗaga hannu. Mai sha'awar aikin kuma ya riƙe lissafi da fizik da labarin ƙasa, ya riƙa kunna gajeren zango da dare yana rubuta abin da ya ji cikin ƙugin, washegari ya duba nawa ya kama daidai.