Filin Manoma: Bishiyar Tsakar Gida

Jama'a, wasiƙu sun taru, lokaci kuma ba ya jira, to bismillah.

Ta farko daga wani bawan Allah ce a Funtuwa. Ya ce shekara 6 ke nan da ya binne ƙwallon mangwaro, bishiya har ta yi inuwa, amma ko fure ba ta taɓa yi ba. Malam, bishiyarka lafiyarta ƙalau. Mangwaron ƙwallo yakan kai shekara 5 zuwa 8 kafin ya fara 'ya'ya, kuma ba lallai ya gado uwarsa a zaƙi ba. Shi ya sa malaman gona ke cewa a sayi mai aure, wanda aka ɗaura wa reshen iri mai kyau. Shi cikin shekara 3 ko 4 ka fara tsinka. In ka je saye, tsuguna ka dubi karan dashen, za ka ga tabon inda aka haɗa su, wani sa'in ma ledar ɗaurin tana nan. In babu tabo, ajiye musu kayansu. Duk tsiron da ya ɓullo ƙasa da tabon nan a tsige shi, don shi zai rinjayi reshen auren. Kuma don Allah a daina dasa mangwaro jikin katanga! Saiwa ta tsaga gini, a zo ana sare abin da aka sha wahalar renonsa. Ni dai a ganina, ƙaramin gida gwaba ko lemun tsami sun ishe shi.

Sai wata Hajiya daga Maraɗi, gwandarta fure kawai take yi. Kai, tambayar nan ba ta ƙarewa! Hajiya, gwanda akwai namiji da mace. Ƙananan furanni masu reto a dogon sili, namiji ne. Na mace babba ne, yana manne da jikin itacen. Ki shuka uku a rami ɗaya, in sun yi fure ki bar macen, namiji guda ya wadatar da lambu. Masu cewa a buga masa ƙusa ya koma mace, kada ki dogara da su.

Mai kukan gara daga Azare, ɗanyen taki ne ke kiranta. Bari ya ruɓe tukuna, ka barbaɗa toka a gindin, kada kuma dashen ya sha ƙishirwa.

Wani na tambaya, reshen maƙwabci da ya leƙo gidansa, 'ya'yan na wa ne? Wannan ta malamai ce, amma ka fara yi masa sallama.

Ana ɗaga mini hannu lokaci ya cika. Mai tambayar dabino daga Dutse, taka za mu fara ɗauka mako mai zuwa in Allah ya kai mu.