Yadda Ake Haɗa Katin Gaisuwa da Takardar Naɗe Kyauta a Gida

Idan azumi ya kai ashirin, shagunan teloli sun cika, kowa na bin ɗinkinsa. A ƙarƙashin kowane keke akwai tarin ƙyallaye na atamfa da shadda da yadi, waɗanda yaron shago zai share da daddare ya kai bola. Mai sha'awar haɗa katin gaisuwa da hannunsa, daga nan ya kamata ya fara. Ya roƙi tela ya tara masa su a leda. Mafi yawan kayan wannan aiki abubuwa ne da muke zubarwa, saura kuma ba su fi ƙarfin aljihun ɗalibi ba.

Za a ce mene ne amfanin kati yanzu da waya ke hannun kowa. Saƙon barka da Sallah da ke shigowa ta WhatsApp yawanci wani ne ya turo wa wani, shi ma ya tura wa duk wanda ke cikin wayarsa, kuma mai karɓa ya san haka. Katin hannu kuwa ba ya yiwuwa sai mai yin sa ya zauna yana tunanin mutum ɗaya, launin da yake so da kalmar da za ta dace da shi. Wannan ne ya sa nake ganin aikin ya cancanci a koye shi da kyau.

Katin Kirsimeti na sayarwa a Ingila ya soma, a 1843, lokacin da Henry Cole ya sa mai zane John Callcott Horsley ya zana masa katin Kirsimeti. An buga guda 1,000, ana sayar da kowanne sule ɗaya, kuma launin da ke jikinsu da hannu aka shafa bayan an fito da su daga maɗaba'a. Mu ma ƙawata rubutu ba baƙon abu ba ne gare mu. Duk wanda ya ga allon zayyana ranar saukar karatu ya san abin da hannun Bahaushe ke iya yi da tawada da alƙalami.

A kayan aiki, abin farko shi ne kwali. Takardar da ake hoton takardu da ita nauyinta giram 80 ne a kowace murabba'in mita, ba za ta iya tsayawa a kan tebur ba. A nemi kwali mai giram 200 zuwa 300 a wurin masu sayar da kayan rubutu, ko a shagunan masu buga katin gayyata, waɗanda sau da yawa suna da ragowar yanka da za su bayar a kan kuɗi kaɗan. Sai rula ta ƙarfe, sabuwar reza ko wuƙar yankan takarda, almakashi, fensir, farin gam irin na kafintoci, biro da tawadarsa ta ƙare, da cokali. A shimfiɗa tsohon kwali mai kauri a kan tebur don kada reza ta ci katako.

Awo ba shi da wuya. Takardar A4 faɗinta santimita 21, tsawonta 29.7. A raba tsawon biyu, sai a samu falle biyu, kowanne 14.8 da 21. Kowane falle idan aka ninke shi biyu ya zama kati mai 10.5 da 14.8, wanda ke shiga ƙaramin ambulan na kasuwa mai 11.4 da 16.2 ba tare da matsi ba. Ke nan kwali ɗaya kati biyu ne. Wajen yanka, a danne rula da yatsu sosai, a bi gefenta da reza sau biyu ko uku a hankali. Wanda ya danna da ƙarfi don ya yanke a karo ɗaya, rular za ta goce masa, bakin kwalin ya fito a karkace. Almakashi na ƙyalle ne, ba ya ba da miƙaƙƙen layi a kwali komai ƙwarewar hannu. Yara kuma kada a bar su da reza. Babba ya yanka, su yi ado.

Ninki shi ne wurin da ake gane katin da aka yi da kula. Kwali mai kauri idan aka lanƙwasa shi kai tsaye bayansa tsagewa yake yi, ya fito da farin ciki-ciki mai gashi-gashi, musamman idan mai launi ne. Maganin haka shi ne a fara ja masa hanya. A auna tsakiya, wato santimita 10.5, a ɗiga alama da fensir sama da ƙasa, a ɗora rula, a bi ta da mataccen biron nan ana dannawa har layi ya lotsa. Sannan a ninke, a daidaita kusurwa da kusurwa kafin a danne, a goge ninkin da bayan cokali daga tsakiya zuwa gefe. Akwai kuma wani abu da masu maɗaba'a suka sani wanda sabon shiga bai sani ba. Lokacin da injin ke yin takarda, zararrakin da ke cikinta duk fuska ɗaya suke kwanciya, shi ya sa take lanƙwasuwa cikin sauƙi ta wani ɓangare, ta yi tauri ta ɗaya. Kafin a yanka babban kwali, a ɗan lanƙwasa shi ta tsawo, a sake ta faɗi, ba tare da an karya ba. Ɓangaren da ya fi laushi, ta nan ninkin zai bi. Katin da aka ninke bisa kwanciyar zarensa yana rufuwa ruf, ba ya wage baki.

Yanzu sai fuskar kati. A zaɓi ƙyallen da zanensa ƙanana ne, domin babban fure idan aka yanko masa tafin hannu ɗaya ba a gane komai. A jiƙa shi da sitaci, a goge da dutsen guga har ya yi ƙyam, ta haka zare ba zai zazzaro ba wajen yanka. A yanka shi santimita 9.5 da 13.8, yadda rabin santimita na kwalin zai rage ta kowane gefe. Gam a jikin kwali ake shafa shi, siriri, da ɗan guntun kwali a matsayin mashafi. Idan aka zuba shi a kan ƙyalle zai huda ya bar tabo. A ɗora, a shafe da tafin hannu, a sa farar takarda a kai, a danne da littattafai masu nauyi har ya kwana. Gam ruwa ne, kuma kwali idan ya sha ruwa ta fuska ɗaya nannaɗewa yake yi, dannewar nan ce kaɗai ke hana shi.

Ni dai na fi son fuskar da ba a cika ta ba. Ɗan siririn ƙyallen shadda a gefen hagu, da kalma biyu a fili, ya fi mini tarin ƙyalƙyali da duwatsun roba. Mai hannun zane yana iya barin ƙyalle gaba ɗaya ya koma ga zayyana: ya ja gida-gida da rula da fensir, ya cike wasu da ja, wasu da rawaya, ya bar wasu fari, ya kewaye su da baƙin layi. 'Yan mata masu zanen lalle hannunsu ya riga ya faɗa, abin da suke yi a bayan hannu shi za su yi a kusurwar kati da siririn alƙalami. Idan da tawadar gargajiya za a yi, a tabbata ta sha ƙaro isasshe, don shi ke riƙe baƙin a jikin takarda. Tawadar da ƙaronta ya yi kaɗan, da ta bushe yatsa zai share ta. Ƙaro kuwa a jikin dakwara ake samunsa, Borno da Yobe da Jigawa suna fitar da shi har ƙasashen waje, kuma kowace kasuwa ana sayar da shi.

Rubutun ciki kada a yi shi kai tsaye a jikin kwali. A yanka farar takarda da ta gaza katin da kaɗan, a rubuta a kanta, idan ya yi kyau a ɗiga gam a bakin ninki a manna. In aka yi kuskure takarda ce ta lalace, katin na nan. A ja layi mara nauyi da fensir, a rubuta, a bari tawada ta bushe sarai kafin a goge layin. Abin da za a rubuta kuwa ya danganta da wanda za a ba. Gwaggo ko Kawu ba a fara musu da “barka” tsirara, sai an gaishe su an yi musu fatan ƙarin girma da nisan kwana. Malami a ce masa Allah ya gafarta Malam. Ga mai jego, barka da arziki, Allah ya raya, a kuma rubuta sunan jaririn in an riga an raɗa. Ga amarya da ango, Allah ya ba da zaman lafiya. Bayan addu'ar da kowa ke yi, a ƙara jimla ɗaya da ba za a iya rubuta wa wani ba sai shi: abin alherin da ya taɓa yi, ko ranar da aka yi tare. A sa wa ƙ da ɗ da ɓ lanƙwasarsu, tunda alƙalami ba ya ƙin su yadda wasu wayoyi ke yi. Dattijon da ya fi sakewa da ajami, a rubuta masa da ajami. A ƙasa a sa kwanan wata, na Hijira ko na Miladiyya, don katin da aka adana wata rana za a so sanin shekararsa.

Ambulan ba ya buƙatar dogon bayani. A ɓare tsohon ambulan a hankali, a shimfiɗa shi a kan takardar da ake so, a zagaye da fensir, a yanka, a ninke yadda na farkon yake.

Takardar naɗe kyauta mai ado, kasuwarta ta bunƙasa ne daga 1917 a birnin Kansas na Amurka, lokacin da takardar naɗin da 'yan gidan Hall ke sayarwa ta ƙare musu ana tsakiyar cinikin Kirsimeti, suka fito da takardar Faransa mai zane da ake sa wa cikin ambulan, suka sayar da falle a kan santi 10. Su ne masu kamfanin Hallmark. Tamu a gida za a yi ta da takarda mai ruwan ƙasa, irin wadda teloli ke yanka samfurin riga da ita, ko bayan tsohuwar kalanda. Adon da hatimi ake buga shi. A raba dankalin turawa biyu, a tsane ruwansa da tsumma, a zana siffa mai sauƙi, a sassaƙe kewayenta da wuƙa har siffar ta taso. Dagin Arewa yana da kyau amma layukansa sun yi wa dankali yawa, gara a sassaƙa shi a jikin babbar robar goge fensir. A tuna hatimi a juye yake fitowa, don haka harafi sai an sassaƙa shi a birkice. Mafi sauƙi duka ita ce ɗanyar kuɓewa: a yanke ta a tsakiya, fuskar yankan fure ce da kanta.

Fentin ruwa na 'yan makaranta ya isa. A shafa shi a soso, a riƙa taɓa hatimin a kai, a gwada a wata takarda kafin a hau ta gaske. A fara daga kusurwar sama a bi layi-layi, layi na biyu ya faɗa tsakanin na farko. Launin gida ma yana yi, amma a san halinsa. Ruwan zoɓo mai kauri ja ne a kofi, a kan farar takarda sau da yawa yakan koma shuɗi-shuɗi, sai an matsa masa lemun tsami yake riƙe jansa. Gangamau na ba da rawaya mai haske. Dukansu rana na cinye su, don haka sun dace da takardar da za a yage, ba da katin da za a ajiye ba. Da hunturu takarda kan bushe nan da nan amma ƙura na manne wa fenti, a shanya a ɗaki. Da damina a ba ta yini guda, kada a tara falle kan falle da danshi.

Wajen naɗi, kyautar da ba ta da kusurwa, kamar turare ko hula, a fara sa ta a ƙaramin kwali. A auna takardar da za ta zagaye kwalin ta ɗora da kamar santimita 3, ta kowane baki kuma ta wuce rabin tsayinsa da kaɗan. Takarda in ta yi yawa ita ke sa baki ya yi tulu. A kifa kwalin a tsakiya, a ja gefe ɗaya a manne, a kalmashe bakin ɗayan kafin a ɗora shi don yankan ya ɓuya. A bakin kwalin a tura gefe biyu ciki, a danne na sama, a ɗago na ƙasa a manne. A bi kowace kusurwa da yatsa biyu har ta yi kaifi. Maimakon ribin na kanti, a ɗaure da igiyar rama ko siririn ƙyallen da aka yi katin da shi, sai kati da kyauta su zama 'yan gida ɗaya.

Abu ɗaya nake roƙo a kiyaye. Takardar naɗi yagewa ake yi a yar, don haka kada a rubuta aya ko sunan Allah a jikinta, kada kuma a naɗe da jarida ko kalandar da ke ɗauke da su. Wannan rubutu wurinsa cikin kati.

Wanda ba ya son a yar da komai, ya naɗe da ƙyalle. Japanawa sun daɗe suna haka da wani ƙyalle mai kusurwa huɗu da suke kira furoshiki, har a 2006 ministar muhallinsu ta lokacin, Yuriko Koike, ta yi yekuwar a koma gare shi don rage leda. Ƙyalle mai santimita 70 ta kowane gefe ya ishi littafi ko kwalin takalmin yaro. A kalmashe bakinsa a ɗinke, ko a samo rinin shuni daga marinar Ƙofar Mata a Kano. A shimfiɗa shi, a ɗora kyautar a tsakiya kusurwoyin ƙyallen na fuskantar gefunanta, a rufa kusurwa biyu masu kallon juna ɗaya kan ɗaya, a ɗaure sauran biyun a sama sau biyu. Sai a soke katin a ƙarƙashin ƙullin yadda sunan mai shi zai fito fili.